Darasin Motsa Jiki da Ake Koyarwa a Zaune

Wata ranar Lahadi da la'asar ina zaune a ƙofar gida, sai 'yar ƙanena ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo mini littafi ta ce, "Baffa, don Allah ka yi mini bita, gobe muna da gwaji." Tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Da na buɗe sai na ga darasin motsa jiki da kiwon lafiya ne, wanda su suke kira PHE. Rubutu tsaf, kowane kan magana an ja masa layi da jan biro. Na tambaye ta tsawon filin ƙwallon raga, ta ce mita 18, faɗinsa mita 9. Tsayin ragar mata fa? Mita 2.24. Wa ya ƙirƙiro wasan? William Morgan, a Amurka, shekarar 1895. Ko gargada ba ta yi ba. Na ji daɗi har na rufe littafin na ce, "To 'yata, ke in ana bugawa a wane gefe kike tsayawa, gaba ko baya?" Ta dube ni da mamaki ta ce, "Baffa, ai ba ma fita. A aji ake yi."

Shekara biyu ke nan tana ɗaukar wannan darasi, ba ta taɓa riƙe ƙwallon da take haddace tarihinta ba. Washegari ta ci maki 18 cikin 20, malaminta ya rubuta mata yabo. Tun daga ranar abin yake cina a rai, domin na san ba makarantarsu kaɗai ba ce. A yawancin sakandaren da na leƙa a Arewa, na gwamnati da na kuɗi, darasin da aka ƙirƙiro don jiki ya koma darasin alli da allo. Yaro yana zaune a benci, mutum huɗu a kujerar mutum biyu, gumi na tsattsafo masa, yana kwafar amfanin gudu ga zuciya da huhu.

Ba haka abin ya faro ba. A Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, wasanni suna cikin abin da ake auna ɗalibi da shi tun a shekarun 1920. A can wasan fayis, na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya kafu, kuma Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da shi tun yana ɗalibi, bai bar shi ba har ya zama Firimiya. Mu da muka yi makarantar kwana ta gwamnati a baya mun tarar da ragowar wannan tsari. Bayan sallar la'asar ana kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya isa ya zauna a ɗakin kwana. Kowa ya fito da gajeren wando da kambas, malamin wasanni da usur rataye a wuya yana zagayawa. Ranar Asabar da asuba kuwa a kora mu gudun daji. Ba zan yi ƙarya in ce komai na wancan zamani daidai ne ba. Akwai bulala a ciki, akwai cin zalin manyan ɗalibai, kuma tsari ne da aka gina wa 'yan tsirarun yara maza. Amma akwai abu ɗaya da kowa ya sani, daga shugaban makaranta har ɗan aji ɗaya: ana sa ran kowane yaro ya motsa jikinsa, kuma makaranta ce ke da alhakin ganin ya motsa.

Yadda aka baro can aka zo nan ba sirri ba ne. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da kuma na ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 sun kawo yara makaranta da yawan da ba a taɓa gani ba, kuma wannan alheri ne. Sai dai ba a ƙara ƙasa ba. Duk lokacin da ake buƙatar sababbin ajujuwa, filin wasa ake fara dubawa, domin shi ne wurin da ba sai an biya diyya ba. Yau a gutsire kusurwa, baɗi a gutsire wata, can kuma a jera shaguna a jikin katanga da sunan samar wa makaranta kuɗin shiga. Makarantun kuɗi da suka cika unguwanninmu kuwa da yawansu gidajen haya ne aka mayar ajujuwa, tsakar gidan ma da ƙyar take ɗaukar yara a taron safe. Sannan manhaja ta ƙara nata. A gyaran da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta yi wanda aka fara aiki da shi a 2014, an cusa darasin motsa jiki cikin wani babban darasi guda tare da kimiyya da fasaha da ilimin kwamfuta. Abin da aka haɗa shi da kimiyyar takarda, da takarda za a auna shi. A babbar sakandare kuma ya zama na ganin dama, ɗalibin da hankalinsa ke kan WAEC da JAMB ba ya waiwayarsa. Malaman da kwalejojin ilimi da jami'o'i irin su ABU Zariya da Bayero suka horar a wannan fanni, da yawansu in ka neme su za ka same su an tura su koyar da wani darasi da ake ganin ya fi muhimmanci.

In ka yi wa shugaban makaranta wannan ƙorafi, amsar da ya fi ba ka ita ce, "Ai muna yin intahaus." Gaskiya ne ana yi. Sau ɗaya a shekara a kafa rumfuna, a gayyato shugaban ƙaramar hukuma da wani attajiri da aka sa wa gida sunansa, a saka wa yara riguna ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, a yi fareti, a yi gudun mita ɗari da na ba-ni-sanda, a raba kofuna. Ina son wannan biki, kuma ba na so a daina. Amma a ƙirga. Makaranta mai ɗalibai dubu, nawa ne suka yi gudu a ranar? Watakila arba'in ko hamsin, waɗanda dama Allah ya hore musu ƙafa. Saura suna gefe suna tafi. Gasa aikinta zaƙulo gwanaye. Darasi kuwa aikinsa ya kai ga yaron da ba gwani ba, mai ƙiba da ramamme, mai kunya da wanda kullum shi ne na ƙarshe in ana zaɓen 'yan wasa. Wannan yaron shi ya fi kowa buƙatar darasin, kuma shi ne tsarinmu ya fara yarwa.

A ganina tushen matsalar shi ne ba a taɓa zama an faɗa a fili abin da ake buƙata daga ɗalibi a wannan darasi ba, da abin da shi ma yake bin makaranta. A lissafi kowa ya san abin da ake nema: ɗan aji uku ya iya kaza da kaza. A motsa jiki fa? Me ake so yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta iya da jikinta a ƙarshen zango wanda ba ta iya ba a farkonsa? Na tambayi malamai da dama, amsar ba ta wuce jerin kan maganar da ke cikin manhaja ba. A makarantu da yawa a Amurka, a makon farko malamin motsa jiki yakan raba wa ɗalibai takarda su kai gida iyaye su sa hannu. A ciki an rubuta irin tufafi da takalmin da za a zo da su, minti nawa aka ba mutum ya sauya kaya, yadda ake raba maki, da abin da za a yi in yaro ba shi da lafiya. Ƙungiyar malaman wannan fanni ta can tana ba da shawarar minti 225 a mako ga ɗaliban sakandare, duk da cewa su ma jihohi da yawa ba sa cika hakan. Ba sai mun je da nisa ba ma. A Nijar, inda aka gaji tsarin Faransa, motsa jiki na cikin jarrabawar BEPC, kuma a fili ake yin gwajinsa, ɗalibi ya yi gudu ya yi tsalle a rubuta masa maki. Yaron Maraɗi da yaron Katsina harshe ɗaya suke yi, rana ɗaya ke dukansu. Bambancin kawai an gaya wa ɗaya cewa jikinsa na cikin abin da za a tambaye shi.

Sai dai a nan dole a yi hattara, domin akwai hanyar ba da maki da ta fi rashin makin illa. In aka ce wanda ya fi sauri shi ke da maki mafi yawa, an sāka wa mutum ne a kan halittarsa. Dogo mai dogayen ƙafafu zai ci ba tare da ya wahala ba, gajere mai nauyin jiki zai faɗi ko da ya yi iya ƙoƙarinsa, daga nan kuma ya tsani fili har abada. Abin da ya dace a auna shi ne abin da ke hannun yaro. Ya zo a kan lokaci da kayan da aka ce? Ya shiga an yi da shi ko ya laɓe a gindin darbejiya? A makon farko ya zagaya fili sau biyu ya tsaya yana haki, a mako na goma sau nawa yake zagayawa? Ya iya ɗumama jiki kafin wasa, ya iya sa yatsu biyu a wuyan hannunsa ya ƙirga bugun zuciyarsa? In alƙalin wasa ya busa masa laifi, yana karɓa ko sai an riƙe shi? Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wasan ƙwallo tsakanin unguwanni biyu ke rikiɗewa ya koma jifa da sara ya san cewa iya shan kaye a miƙa wa abokin hamayya hannu abu ne da ake koya, kuma filin makaranta ne wurin koyonsa.

Amma buƙata ba ta gefe ɗaya ba ce. Kafin makaranta ta nemi yaro ya fito fili, akwai haƙƙinsa a kanta, kuma na farko shi ne malamin ya san jikin da aka damƙa masa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu cutar sikila. A kowace babbar makaranta akwai su, kuma da yawa ba sa faɗa don gudun tsangwama. Gudu mai tsanani cikin zafi ba tare da ruwa ba na iya tayar musu da ciwo har a kwana a asibiti. Akwai masu asma, waɗanda ƙurar hunturu kaɗai ta ishe su. Akwai mai farfaɗiya, akwai wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa, akwai wanda ya fito gida ko koko bai sha ba. Ba cire su za a yi a ce su zauna su tsare jakunkuna ba, wannan ma wani wulaƙancin ne. Kowannensu akwai abin da zai iya, aikin malami ne ya nemo shi. Takarda guda da iyaye za su cike a farkon shekara ta isa ta sanar da malami waɗannan abubuwa, kuma ba ta cin ko sisi in ban da kuɗin bugawa.

Sai lokaci. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Amma jeka duba jadawalin darussa, sau da yawa za ka ga an jefa motsa jiki a darasi na bakwai ko na takwas, wajen ƙarfe ɗaya na rana, saboda an ba lissafi da Turanci safiya. Malamin da ya ƙi fitar da yara a wannan lokaci ya yi daidai, wanda ya tsara jadawalin ne ya yi kuskure. Darasi na farko ko na biyu ne nasa, a ajiye randa ko jarkar ruwa a bakin fili, a watan azumi kuma a sassauta a koma miƙe gaɓoɓi da tafiya, a nan ne ma rubutun allo zai sami gurbinsa.

Akwai kuma ɗabi'ar da nake roƙon malamai su bari don Allah, wato horo da motsa jiki. Yaro ya makara, a sa shi tsallen kwaɗo daga bakin ƙofa har aji. Ya yi surutu, a ce ya zagaya fili sau biyar cikin rana. Na taɓa ganin wani yaro a wata makaranta, bai fi shekara goma sha biyu ba, riƙe da kunnuwansa yana tsallen kwaɗo a kan tsakuwa, gwiwoyinsa na rawa, hawaye da majina sun haɗe, 'yan ajinsu na leƙe ta taga. Me wannan yaro ya koya game da gudu da tsalle? Ya koyi cewa azaba ce da ake yi wa mai laifi. Bayan shekara talatin likita zai ce masa hawan jini ya kama shi, ya riƙa motsa jiki, shi kuwa abin da jikinsa ke tunawa shi ne tsakuwar nan.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne wajen 'ya'ya mata. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasa 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun motsa jikin da ya kamata, wato aƙalla sa'a ɗaya a kullum. A maza kashi 78 ne, a mata 85. A wurinmu ba sai an kawo alƙaluma ba, ido ya isa. Yaro namiji ko makaranta ba ta ba shi fili ba zai nemo wa kansa, ya jera duwatsu biyu a lungu ya buga tamaula har magariba. Yarinya kuwa tana ƙarama tana gaɗa, tana 'yar gala-gala, tana tsallen igiya, amma da ta fara girma sai a ce ta natsu, ta zama budurwa. Daga gida sai adaidaita sahu, daga aji sai islamiyya, daga nan sai aikin gida. In makaranta ba ta ba ta wannan sa'ar ba, babu wanda zai ba ta. Kuma ita ce gobe za ta ɗauki ciki ta haihu, ita ce ƙasusuwanta ke ginuwa a daidai waɗannan shekaru.

Iyayen da ke ƙin 'ya'yansu mata su fita fili ba jahilai ba ne, kuma kuskure ne a yi musu kallon haka. Uban da ya ce ba ya so 'yarsa ta sa gajeren siket ta yi gudu a filin da ba katanga, samarin unguwa na zaune a kan dakali suna kallo, magana ya faɗa mai ma'ana. Amsarta ita ce a gyara abin da ya nuna. A sa dogon wando mai faɗi da riga mai sauka har gwiwa da ƙaramin hijabi da ba ya harɗe ƙafa. A ware wa mata lokacinsu ko ɓangarensu, malama mace ta jagorance su. A samar da ɗaki mai ƙofa da za su sauya kaya, da banɗaki mai ruwa, domin yarinyar da ke al'ada ba za ta iya yi wa malami namiji bayani a gaban aji ba, sai dai ta ce kanta ke ciwo. Duniyar wasanni ma ta riga ta wuce wannan muhawara. Tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa suka amince da rufe kai, ƙwallon kwando ta biyo baya a 2017, kuma a gasar Olamfik ta 2016 Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta ci lambar tagulla a wasan takobi da hijabinta. Ta fuskar addini kuwa, malamanmu sun san ruwayar da ta zo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Abin da ake nema shi ne sutura da tsari, kuma duka biyun ba su fi ƙarfin makaranta ba.

Za a ce babu kayan aiki. Wannan uzuri ya fi kowanne rauni, domin manhajar ce ta sa mu ɗauka motsa jiki sai da raga da kwando da filin da aka shafe da siminti. Langa me take buƙata? Ƙasa da ƙafa ɗaya. Duk wanda ya taɓa kama babban yatsan ƙafarsa ta baya ya yi minti biyar yana tsalle yana ture abokin karawa ya san aikin da take yi wa cinya da huhu, ga koyon daidaita jiki da dabarar kare ɗan ƙungiya. Tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, tare da dambe da kokawa. A Nijar kokawa ce wasan ƙasa, tun 1975 ake yin gasarta ta ƙasa, gari ya tsaya cak a saurari rediyo. Gaɗar 'yan mata kanta minti ashirin na tafi da tsalle da faɗawa hannun ƙawaye ne. Igiya ɗaya ta ishi yara goma. Malamin da ya raba aji mai mutum tamanin gida huɗu, ya naɗa wa kowane rukuni shugaba, zai iya sa kowa ya yi gumi a fili mai girman tsakar masallacin unguwa. Abin kunya ne ɗan Bahaushe ya haddace shekarar da James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando, 1891, amma ya gama sakandare bai taɓa yin langa a makaranta ba.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini, "Malam, yaranmu da ke zuwa gona, su ɗebo ruwa, su taka kilomita uku zuwa makaranta, wane motsa jiki kuma suke nema?" Na yarda da rabin maganarsa. Yaron ƙauye ba ya rasa wahalar jiki. Amma ɗaukar jarka a ka tun ana shekara takwas aiki ne, kuma sau da yawa lahani yake bar wa wuya da baya. Shi wannan yaron ya fi buƙatar a koya masa yadda ake ɗaga kaya mai nauyi ba tare da an ji ciwo ba, da abin da ake yi wa targaɗe kafin a kai ga mai ɗori, kuma yana da haƙƙin ya ɗanɗani wasa don jin daɗi kawai. Yaron birni kuwa labarinsa ya sauya cikin shekara ashirin ɗin nan. Ana kai shi a mota ko babur, ya dawo ya tafi lesin, dare ya yi ya rungumi waya. Ciwon sukari da hawan jini da muke ɗauka na tsofaffin attajirai ne yanzu muna jin su a gidajen malaman makaranta da 'yan kasuwa masu shekara arba'in.

Taron iyaye da malamai na makarantar su 'yar tawa yana tafe a farkon zango mai zuwa, na kuma gaya wa ƙanena tare za mu je. Na riga na leƙa ta bayan ajujuwansu, akwai wani fili da ciyawa ta cinye, an jibge karyayyun kujeru a gefe guda, kuma katanga ta kewaye shi ta ko'ina. Zan nemi izini in miƙe in tambayi shugabar makarantar sau nawa 'yan aji biyu suka fita waje a zangon da ya wuce. In ta ce babu malama, zan tambaya ko cikin ma'aikatanta akwai wadda ta karanci fannin aka ba ta wani darasi. In ta ce babu kaya, mu iyaye za mu kawo igiyoyi da ƙwallo biyu da jarkar ruwa, mu sa a kwashe kujerun a nome ciyawar. Abin da zan roƙa a madadin haka shi ne darasi biyu a mako, da safe kafin rana ta ɗaga, da takarda guda da za a rubuta wa kowace yarinya abin da ake so ta iya kafin hutu, a aiko mana gida mu sa hannu.